Ɗigon Haske a Idon Auta

Ranar Asabar

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiya. Goggonki tana nan da ciwon gwiwarta da surutunta, babu wanda ya ragu a cikinsu.

To, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ran Laraba na koma wajen likitan ido. Na dama kam ya tafi, wannan kin sani. Na hagun ne yanzu ya kama hanyar ɗan'uwansa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, yana cin gani daga gefe yana tahowa tsakiya. Yadda nake ganin duniya yanzu, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Na ce masa, likita, faɗa mini gaskiya, shekara talatin da biyu na yi a shagon hoto ina rufe ido ɗaya ina leƙe ta ɗan rami, wannan ba zai razana ni ba. Ya ce wata uku, in an yi sa'a huɗu, in dai ina ɗiga magani a kan lokaci.

Na san makarantar da kike koyarwa ba za ta yi hutu ba sai nan da wata biyar, ga tafiyar kwana biyu da yara ƙanana. Ni kuma likita ya ɗaure ni, duk mako sai an auna idon. Kar ki kuskura ki ajiye aikinki saboda ni, ban yarda ba. Abu ɗaya nake so. Babban yaronki, wanda na ji kuna ce wa Giɓi tun da haƙoransa na gaba suka zube, rabona da shi tun yana rarrafe. Auta kuwa ban taɓa sa ta a ido ba. Ina so in ga fuskokinsu kafin idon nan ya rufe shago.

Kar ki kai su wajen masu hoton bakin kasuwa. Na san aikinsu, sai su goge fuskar yaro ta koma kamar ƙwai, ko uwarsa ba ta gane shi. Ke za ki ɗauka da hannunki. Direban motar kaya da zai ba ki wasiƙar nan zai miƙa miki jaka. Kyamarata ce a ciki, da fim uku, kowanne yana cin hoto ashirin da huɗu. Yadda ake sa fim na zana miki a bayan takardar nan.

Ki gaida mini amaryata Auta, ki ce mata angonta tsoho ne amma yana da kirki.

Babanki


Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, Baba, ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi. A gaida Goggo da gwiwa. Mu duk lafiya lau, sai ɗan mura da Auta ta yi, shi ma ya wuce.

Baba, wasiƙarka a tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na buɗe jakar kuma ƙamshin shagonka ya bugi hancina, sai na sake sabon kuka. Giɓi ya tsaya a kaina yana cewa, “Mama, jakar ce ta cije ki?”

Amma ka ga 'yarka ta yi ƙoƙari! Jiya tun da safe na saɓe yaran nan da wanka har Giɓi ya ce fatarsa za ta ƙare. Na shafe su da mai suka yi ƙyal-ƙyal, na sa musu sababbin kaya da takalma. Na tsayar da su a gaban tagar falo, don nan ne haske ya fi yawa, ga labulen nan mai furanni ya yi kyau a bayansu. Har tukunyar fure na aro a wajen maƙwabciyata na ajiye a gefe, kamar yadda kake yi a shago. Na ja baya har bakin ƙofa don komai ya fito. Sannan na ɗaure fuska na ce, “A ɗaga kai! Kar wanda ya motsa!” Wallahi muryarka sak, har baban su Giɓi ya leƙo daga ɗaki ya ɗauka kai ne ka zo.

Giɓi ya ji magana, ya tsaya ƙyam, sai dai ya ƙi buɗe baki wai kar Kaka ya ga giɓin. Auta ce matsalar. Da na ɗaga kyamara sai ta tsala ihu ta juya. Na yi lallashi, na yi tsawa, na ba ta biskit, a banza. Ina ta dannawa dai har fim ɗin ya tsaya.

Mai wankin hoton unguwarmu ya wanke mini yau, na zaɓi guda shida mafi kyau, ga su nan. Na san ba su kai naka ba, amma a ganina ba laifi ga wadda ba ta taɓa riƙe kyamara ba. Ka faɗa mini wa Giɓi ya ɗebo, don ana ta musu a gidan nan.

'Yarka


Alhamis

Uwata,

Hotuna sun iso. Kin sa taga a bayansu, fuskoki sun yi baƙi ƙirin. Kin tsaya nesa. Takalma na gani da labule, ni kuwa ban aika a ɗauko mini labule ba. Yaron ya ƙame kamar an kama shi da sata. Yarinyar ƙeyarta kawai na gani, a duka shidan. Fim ɗaya ya tafi a banza.

Taga a gefe. Ki goge musu man nan. Ki durƙusa daidai tsawonsu. Ki matsa kusa. Fuska ɗaya a takarda ɗaya.

Babanki


Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Goggonki ce. Ina gaishe ki, ke da mai gidanki da 'yan jikokina. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da riƙe biro tun kina goye.

Yau mako uku cif ba mu ga takardarki ba. Direban nan ya zo sau uku, kowane zuwa babanki yana zaune a bakin ƙofa tun kafin motar ta tsaya, sai mutumin ya ɗaga masa hannu wofi. Shi kuma sai ya ce wai iska ya fito sha. Iskar me, ana wannan rana?

Na san abin da ya faru, don ni na liƙe ambulan ɗin, kuma na karanta, ban ji kunya ba. Na ce masa, Yaya, wannan takarda ce ko mari? Ko sallama babu! Ya ce in kama bakina. To na kama na mako uku, yanzu na sake shi.

Ki saurara. Ba raini ne ya sa takardar ta gajarta ba. Idon ne. Yanzu in ya yi layi biyar sai ruwa ya cika shi, kansa ya ɗauki ciwo. Ranar sai da ya zaɓa, ko ya gaishe ki ko ya koya miki, sai ya zaɓi koyarwa, don kin san halinsa. Hotunan nan da ya kushe kuwa, wuni guda ya yi a kansu da gilashinsa na ƙara girma, wanda yake duba fim da shi a da. Yana bi yana neman fuska, bai samu ba. Da ya gaji sai ya ce, “Ko ƙeyar tata mai kyau ce.” Suna nan a aljihun gaban rigarsa, ranar wanki sai mun yi faɗa kafin ya ciro su.

Abin da ya hana ni faɗa miki shi ne wannan: awon makon jiya bai yi daɗi ba. Likita ya canja magani, ya ce ramin yana tsukewa da sauri fiye da yadda ya zata. Shekaranjiya ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce tebur ne ya karkace.

Ke da ubanki duk jirgi ɗaya ya ɗebo ku, zuciya kamar ashana. Ki yi fushinki daga baya, 'yata, akwai lokacinsa. Na ido ne babu.

Goggonki


Ranar Juma'a

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Ya idon? Allah Ya sa sabon maganin ya karɓe ka. Yara lafiya, baban su yana gaishe ka. Goggo, na san ke za ki karanta masa, to ki karanta duka, kar ki tsallake ko layi.

Na yi fushi, Baba, gaskiya ce. Da na buɗe takardarka na ga ko “ya yara” babu, sai na koma 'yar shekara takwas a shagonka, ina share ƙasa kana cewa na bar ƙura a lungu. Na tura kyamarar ƙarƙashin gado na ce ai shi ke nan. Har na ce wa baban su Giɓi, mutumin da ya ɗauki rabin garinmu hoto, amma 'yarsa ɗaya tilo hotonta ɗaya ne a duniya tana ƙarama, shi ma tana kuka, shi ne zai ce na ɓata fim? Ka ga na faɗa. Ya daɗe yana cina.

Da takardar Goggo ta zo, kunya ta rufe ni. Washegari ina dawowa daga makaranta ko jaka ban ajiye ba na jawo kyamarar.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na cire labulen gaba ɗaya. Na zaunar da Giɓi taga tana gefensa, da tsohuwar rigarsa ta wasa. Na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara. Na matsa, na murɗa zoben gaban kyamarar a hankali har gashin girarsa ya fito ɗaya-ɗaya. Baba, ashe haka abin yake! Shekara shida ina kallon yaron nan, ban taɓa lura kunnensa na hagu ya fi na dama tsayuwa ba. Ɓangare ɗaya na fuskar ya yi duhu, sai na sa babansu ya riƙe farin zanin gado daga can gefen, hasken ya dawo. Wannan dabarata ce, ba ka koya mini ba, a rubuta.

Bakin ne ya ƙi buɗewa. Sai na ce masa, “Ka san Kaka ma ba shi da haƙoran gaba?” Ya ce, “Shi ma nasa za su fito?” Na ce sai dai mu yi masa addu'a. Ya kwashe da dariya, na danna. Ga shi nan, na sa an wanke shi babba. Mai wankin hoto har ya tambaye ni wa ya ɗauka.

Amma Auta, Baba, na rasa yadda zan yi. Tana wasa lafiya lau, tana hawa jikina, har kyamarar tana taɓawa in tana ajiye. Da zarar na ɗaga kyamarar zuwa fuskata sai ihu, ta ruga bayan ƙofa tana shessheƙa. Na gwada da safe, na gwada da yamma, na gwada bayan ta ci ta ƙoshi. Fim na biyu ya ƙare, na uku saura tara, mai wankin hoto kuma ya ce irinsa sai an yi wata ba a kawo ba. Tsoro nake ji. Ka faɗa mini abin da zan yi, ko da faɗa ne, zan ɗauka.

'Yarka


An fara Talata, an gama Alhamis

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya gida, ya aiki, ya maigidan, ya Giɓi, ya Auta, ya maƙwabciya mai tukunyar fure? Kin ga na biya gaisuwar da na tsallake har da ƙari. Kwana uku nake rubuta wannan, layi biyar-biyar, don ban yarda Goggonki ta rubuta mini ba, za ta ƙara nata.

Na ga Giɓi. Na gan shi, Uwata! Goshin ubansa ne, amma dariyar tawa ce, duk mai musu ya zo ya same ni. Hoton ya yi. Zanin gadon ma ya yi, ni allo nake sawa, amma naki ya fi laushi. Ki gaya masa haƙorana ba su fito ba tukuna, ina jira.

Yanzu maganar Auta. Ba kyamara take tsoro ba, tunda tana taɓa ta. Ke ce kike ɓace mata. Tana kallon fuskar uwarta, sai ta ga baƙin abu mai ido ɗaya ya cinye fuskar. Wa zai tsaya?

Kin san inda na koyi wannan? A kanki. Kina shekara uku marigayiya mahaifiyarki ta kawo ki shago. Lokacin babbar kyamara nake aiki da ita, mai baƙin ƙyalle da ake cusa kai. Kina ta yi mini gwaranci, ina shiga ƙyallen kika fasa ihu. Na fito, kika yi shiru. Na koma, kika sake. Ga mutane a layi suna dariya wai mai hoto ya kasa da 'yarsa. Zuciya ta ɗebe ni, na daka miki tsawa na danna. Shi ne hoton da kike magana. A gida mahaifiyarki ta ce mini, “Kai ne fa kake ɓace mata.” Daga ranar ban sake ɓoye wa yaro fuskata ba, kuma da wannan na yi suna, har daga ƙauyuka ake kawo mini yara masu ƙiwa. Ke kuwa kin riga kin tsani abin, in kin ga kyamara sai ki bar ɗakin. Ya kamata in lallashe ki in sake. Kullum ina cewa gobe, ga aiki, ga girman kai. Laifina ne, ba naki ba, kuma ya fi kowane hoto da na ɓata yi mini ciwo.

Ga yadda za ki yi. Ki ɗora kyamara a kan ƙaramar kujera, ki tada ta da littattafai har ta kai tsawon idon Auta. Ki sa Giɓi ya tsuguna a inda kike so ta tsaya, ki saita zoben a kan idonsa, ki zana wurin da allinki na makaranta. Daga nan kar ki sake leƙawa. Ki durƙusa a gefen kyamarar, kuncinki kusa da ita, yatsa a kan madanni, fuskarki a buɗe. Ki bar ta ta zo da kanta. Kar ki ce ta kalli nan. Ke za ta nema.

Tara sun isa. Ɗaya nake so.

Babanki


Ranar Lahadi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Baba, ina fatan kai ma haka, da Goggo. Sauri nake yi, direba ya ce ba zai jira ni ba.

Maganar shago, na karanta sau uku. Ban san haka aka yi ba. Ni abin da na riƙe kawai tsawar. Ya wuce, Baba, wallahi ya wuce har zuciyata.

Jiya da hantsi na shirya komai. Kujera, littattafan lissafi huɗu, taga a gefena wajen kafaɗa. Giɓi ya tsuguna na saita, na yi zanen alli, ya ce shi ma yanzu ma'aikaci ne a biya shi. Na ajiye kwanon ruwa da cokula a kan zanen, don Auta in ta ga ruwa ba ta ganin kowa.

Ta zo kuwa. Sai dai ta sunkuyar da kai cikin kwano. Na danna don zumuɗi, tsakiyar kai na samu. Na sake, kunne. Na sake, hannun Giɓi ya shigo. Kafin in ankara saura uku. Sai na ce wa kaina, ke, Baba ya ce ki bar ta. Na yi shiru, na daina kiranta, na zauna ina kallonta kawai. Can da ta ji shirun ya yi yawa sai ta ɗago tana nemana. Ta gan ni a durƙushe, fuskata a buɗe. Na karkata kai na ce, “Wa na kama?” Ta washe baki, ruwa yana ɗiga daga haɓarta. Na danna. Ko ƙarar ba ta ji ba, ta taho da gudu ta shafa mini jiƙaƙƙen hannu a fuska.

Na tsaya a kan mai wankin hoto har ya gama, na ce ya yi shi girman littafin rajista. Ban ce komai a kansa ba, kai ne malamin. Ga amaryarka nan.

'Yarka


Laraba

Uwata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ki yi haƙuri da girman baƙaƙen, yanzu sai haka nake ganin abin da na rubuta.

Ya iso jiya. Ban buɗe ba sai yau da safe, lokacin idon ya fi ƙarfi. Na sa kujera a bakin ƙofa, na kori Goggonki, na ɗauko gilashina. Ba na iya ganin fuskar gaba ɗaya, don haka na bi ta kaɗan-kaɗan. Goshi. Gira. Hancin mahaifiyarki. Ɗigon ruwa a haɓa. Na haɗa su a kaina, ta tsaya a gabana. Masha Allah. Ki gaya mata ango ya yaba.

Sannan na yi abin da nake yi wa kowane hoto tun ina yaron shago, na duba hasken da ke cikin ƙwayar ido, don a nan ake gane mai hoto. Na kai gilashin kan idonta na dama. Ga tagarki nan, fes, 'yar ƙarama. A jikin tagar kuma ga wata mace a durƙushe, ta karkata kai gefe ɗaya, yadda kike yi tun kina ƙarama in kina son ba wani dariya. Ban ga fuskarki ba, ba zan yi ƙarya ba, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Amma ke ce. Kuma ba kuka kike yi ba.

Na kira Goggonki ta duba. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai ɗigo. Mai ido biyu ke nan.

Kyamarar taki ce, kar ki dawo da ita. In hutu ya zo ki taho da ita da sabon fim, ni ma a ɗauke ni da jikokina, na yi alkawarin ba zan gyara miki komai ba sai abu ɗaya ko biyu. In kin tarar an rufe shago, kar ki yi kuka a bakin ƙofa. Na riga na wanke wannan na rataye shi a ciki.

Hoton da na kasa ɗaukarki, 'yarki ta ɗauka mini.

Babanki